Wai Birjil maroƙin sarki ne? Muhawara kan adabin Rumawan dā

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A wannan zangon an saka mana darasin tushen adabin Turai, malaminmu ya ce duk wanda bai leƙa rubutun Rumawa ba, rabin abin da marubutan Ingila da Faransa ke faɗa zai wuce shi. Na aro fassarar Aeneid, doguwar waƙar mawaƙin Rumawa Birjil, a laburare, kwana huɗu ke nan ban gama littafi na ɗaya ba. Sunayen alloli da na garuruwa sun cika mini kai. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini ta inda ake shiga. Sannan waɗannan Rumawan, su ne na cikin Suratur Rum?

Malamin Arabiyya: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in ɗauki tambaya ta biyu, ita ce ta fi kusa da ni. Daula ɗaya ce a asali, amma zamani ya raba su. Rumawan da surar ta ambata su ne na gabas, masu hedikwata a Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, lokacin da suke gwabzawa da Farisa a farkon ƙarni na 7. Sarkinsu shi ne Hiraƙal, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, kuma Girkanci suka fi ji. Marubutan da aka ba ki sun riga waɗannan da wajen shekara 600 zuwa 700, a birnin Rum na Italiya suka zauna, da Latinanci suka yi rubutu. Ɓangaren yamma ya rushe a 476, na gabas kuwa ya kai har 1453.

Tsohon Malami: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Mu a sakandare an koya mana Latinanci shekara uku, da labarin yaƙin Yuliyus Ƙaisar a ƙasar Gol, yankin Faransa ta yau, aka fara mana, saboda jimlolinsa a miƙe suke kamar rahoton soja. Amma ke da fassara za ki karanta, ba zan tura ki can ba. Ki ajiye Birjil tukuna. (A intanet Virgil za ki rubuta.) Ki nemi wasiƙu biyu da Filini Ƙarami ya rubuta wa abokinsa Tasitus, masanin tarihi, a kan aman wutar dutsen Besubiyus na shekara ta 79 Miladiyya, wanda ya binne garin Pompei. Ba su fi shafi shida ba.

Yana ɗan shekara 17 a lokacin. Mahaifiyarsa ce ta fara hango gajimaren, ya ce ya yi kama da wata bishiya mai dogon jiki da ta baje rassa a can sama. Kawunsa, Filini Babba, shi ne kwamandan jiragen ruwa na wurin, kuma shi ne ya rubuta kundin nan na ilimin halitta mai littafi 37. Ya ce wa yaron ya zo su je su gani, yaron ya ce shi zai tsaya ya yi karatu. Kawun ya tafi ceto mutane, ya sauka gidan wani abokinsa, ya yi wanka, ya ci abinci, ya kwanta har ana jin minsharinsa daga ƙofa, duk don hankalin mutanen gida ya kwanta. Da toka da tsakuwa suka fara cika tsakar gida sai aka tashe shi, don in an ƙara jinkiri ƙofar ɗakin ba za ta buɗu ba. Suka ɗaura matasan kai a kawunansu da ƙyallaye saboda duwatsun da ke zubowa, suka nufi bakin teku. A can numfashinsa ya ɗauke. A wasiƙa ta biyu yaron ya ba da nasu labarin: uwar tana roƙonsa ya gudu ya bar ta tunda jikinta ya yi nauyi, shi kuma ya riƙe hannunta ya ƙi saki. Ya ce duhun da ya rufe su irin na ɗakin da aka kulle aka kashe fitila ne, kana jin mata na kuka, wani na kiran iyayensa, wani 'ya'yansa, wata mijinta, ana gane juna da murya kawai.

Sama da shekara hamsin da na fara karanta wannan, har yau matasan kan nan suna idona. In kin gama za ki ji cewa mutane ne masu uwa da kawu, sai sunayen su daina ba ki tsoro.

Ɗalibar Adabi: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu zan nema.

Bakanon Kwari: Ni fa ina da ja, ku yi mini haƙuri. Na ɗan karanta tarihin mutanen nan. Birjil ɗin da ake ta kambamawa, ai maroƙin Sarki Agustus ne. Akwai wani attajiri na hannun daman sarki, Mesenas, shi ya tara mawaƙa yana ciyar da su. Ɗaya daga cikinsu, Horas, gona guda aka ba shi. Sai kuma a ce mana waƙar da ta fito daga irin wannan gida ita ce ƙololuwar adabin duniya? Da wani makaɗin fada na nan ne ya yi, ca za a yi kwaɗayi ne. Da yake Bature ne ya yi da Latinanci sai ya zama darasin jami'a.

Ɗan Damagaram: Yaya Bakano, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba wanda zai musa. Mu a nan Nijar da Faransanci muka karanta shi a makaranta, kuma malamin bai ɓoye mana ba. Waƙar tana da littafi 12, baiti kusan 9,900, kuma manufarta a fili take: jarumin waƙar, Eniyas, ya tsero daga birnin Taroyi bayan Girkawa sun ci ta, ya sha wahalar teku, ya iso Italiya, daga zuriyarsa Rumawa suka fito, gidan su Agustus kuma suna cewa su jikokin ɗansa ne. A littafi na 8 an ƙera wa Eniyas garkuwa, a tsakiyarta an zana yaƙin Aktiyum na shekara ta 31 kafin Miladiyya, inda Agustus ya karya abokin hamayyarsa Antoniyo da Kiliyobatara sarauniyar Masar. Wannan kirari ne, ba shi da wani suna.

Amma ka karanta ƙarshen waƙar? A littafi na 6, Eniyas ya gamu da ruhin mahaifinsa, uban ya yi wasiyya cewa aikin Barume shi ne ya yi mulki, ya yi sassauci ga wanda ya miƙa wuya, ya murƙushe mai girman kai. To a baitocin ƙarshe na littafi na 12, abokin gabarsa Turnus yana ƙasa da rauni a cinya, ya ɗaga hannu, ya ce ka ci nasara, ka tausaya wa tsohon ubana. Eniyas ya tsaya, har ya fara saukowa. Sai idonsa ya faɗa kan ɗamarar wani saurayi na ɓangarensa, Falas, wanda Turnus ya kashe ya rataya kayansa a kafaɗa. Fushi ya ɗebe shi, ya soka masa takobi a ƙirji. Baiti na ƙarshe shi ne ran Turnus yana ficewa da nishi zuwa cikin duhu. Babu naɗin sarauta, babu biki, babu guɗa. Wane maroƙi ne zai rufe waƙar ubangidansa da kakan ubangidan yana kashe wanda ya roƙi afuwa?

Bakanon Kwari: Ai an ce bai gama ta ba ya mutu. Wataƙila da ya ƙara biki.

Tsohon Malami: Gaskiya ne ya rasu a shekara ta 19 kafin Miladiyya bai gama gyara ba, akwai baitocin da suka tsaya a rabi har yau. An ruwaito ya nemi a ƙone ta, Agustus ya hana, ya sa abokan mawaƙin biyu su fitar da ita. Amma tsarin littafi 12 ɗin cikakke ne: shida na tafiya, shida na yaƙi, yana bin sawun waƙoƙi biyu na Homa, mawaƙin Girka. Gyaran baiti ya rage, ginin ya riga ya tsaya.

Sai dai, ɗana, abin da ya fi damuna a maganarka shi ne yadda ka ɗauki roƙo a matsayin zagi. Ni na tashi a kusa da fada. Makaɗin fada na ƙwarai ba yabo kaɗai yake yi ba. Yana tuna wa sarki kakanninsa, yana jera abin da suka yi don na yanzu ya ji nauyi, yana saka habaici inda mai hankali zai tsinta. Wani lokaci a cikin kirarin ne ake gaya wa sarki abin da waziri ba zai iya faɗa ba. In ka ce Birjil makaɗin fada ne, ni na yarda, amma irin wancan. Kuma da muna ba wa namu irin karatun tsanaki da Turawa suka yi shekara dubu biyu suna ba shi, da mun ga abin da ke ciki.

Bakanon Kwari: Baba, na karɓi wannan gyaran a kan makaɗanmu. Amma ban sauka daga kan batun 'yanci ba. Ga Obid. Shi ma babban mawaƙi ne, mai littafin rikiɗe-rikiɗe guda 15. A shekara ta 8 Miladiyya Agustus ɗin nan dai ya kore shi zuwa Tomis, bakin Baƙin Teku, inda Romaniya take yau. Da bakinsa ya ce laifinsa waƙa ce da wani kuskure. Ya yi wajen shekara tara yana aiko da waƙoƙin ban haƙuri, yana kukan sanyi da rashin mai jin harshensa, har ya mutu ba a mai da shi gida ba. Kafin shi ga Sisero, wanda ake cewa ba a yi mai iya magana kamarsa ba: a shekara ta 43 kafin Miladiyya aka yanke kansa da hannuwansa aka kafe a dandalin da yake hawa ya yi jawabi, saboda jawaban da ya yi a kan Antoniyo, kuma Agustus, yana saurayi a lokacin, da amincewarsa aka saka sunan. Zamanin Tiberiyus, magajin Agustus, an ƙone littattafan wani masanin tarihi don ya yabi waɗanda suka kashe Ƙaisar. To wanda yake rubutu a irin wannan gari, ya san inda iyakarsa take.

Ɗan Damagaram: A nan kam ba ni da ja. Shi ya sa ma nake ganin ƙarshen waƙar da nauyi. Mutumin da ya ga abin da aka yi wa Sisero, wanda a waƙarsa ta farko ta makiyaya ya sa wani manomi yana kora awakinsa yana barin gonarsa saboda an ƙwace an ba tsofaffin sojoji, ya san farashin zaman lafiyar da yake yabo. Yana son zaman lafiyar da gaske, don ya shafe wajen shekara ashirin na rayuwarsa a cikin yaƙin basasa. Yana kuma ƙirga gawarwakin. Duka biyun suna cikin waƙar.

Malamin Arabiyya: Ku ba ni dama in sako wani abu da zai taimaki ɗalibarmu, don fassara tana ɓoye shi. Waƙar Latinanci ta wancan zamani ba ta da amsa-amo. Abin da ke riƙe ta shi ne kari, kuma karin an gina shi ne a kan gaɓa mai nauyi da mara nauyi, kamar arulin Larabci, kamar kuma rubutattun waƙoƙinmu na Hausa da malamai suka ɗora a kan bahar-bahar na Larabawa. Baitin Birjil ƙafa shida ne, kowace ƙafa ko dai doguwa ɗaya da gajeru biyu, ko dogaye biyu. Farkon waƙar: arma virumque cano, wato makamai da wani namiji nake waƙewa. Na taɓa sauraron wani yana rera ta yadda masana suka ce ana furtawa, kunnena ya kama tafiyar tun kafin in san ma'ana. Bature mai jin Ingilishi sai ya sha wuya kafin ya ji bambancin dogon wasali da gajere. Bahaushe da shi aka haife shi.

Su ma daga Girkawa suka aro karin. Adabin nasu ma gaba ɗaya da fassara ya fara: a shekara ta 240 kafin Miladiyya wani mutumin Tarentum, Libiyus Andronikus, wanda aka kawo Rum a matsayin bawa, ya shirya wasan kwaikwayo da Latinanci a kan salon Girka, shi ne kuma ya juya Odisi ta Homa. Horas da kansa ya faɗa cewa Girka da aka ci da yaƙi ita ta kama wanda ya ci ta.

Uwar Biyu: Ina ta bin ku tun jiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba adabi na karanta ba, amma akwai abin da ke ci mini rai. Baba ya ce kawun nan ya yi wanka ya ci abinci. Wa ya ɗebo ruwan? Wa ya dafa? Duk waɗanda kuka lissafa maza ne masu hali. Ina matan, ina masu aikin?

Tsohon Malami: 'Yata, kin taɓo inda ke da ciwo. Bayi ne. Duk wani littafi da muke magana a kai, akwai hannun bawa a cikinsa, daga wanda ya niƙa alkama har wanda ya kwafi rubutun a kan naɗin takarda, don yawancin manyan nan shifta suke yi, wani yana rubutawa. Filini Babba ko a wurin wanka, lokacin da ake goge masa jiki, akwai mai karanta masa littafi.

Littafin zube mafi tsufa da ya iso mana cikakke da Latinanci shi ne na Kato a kan noma. A ciki yana ba mai gona shawara ya sayar da tsofaffin shanu, da tsohon amalanke, da tsohon bawa, da bawa mara lafiya, duk a jimla ɗaya. Tasitus kuma ya ba da labarin shekara ta 61 Miladiyya: wani bawa ya kashe ubangidansa, babban jami'in birnin, doka ta ce a kashe duk bayin da ke ƙarƙashin rufin gidan. Su 400 ne, har da mata da yara. Talakawan gari suka fito da duwatsu da wuta suna hanawa, majalisar dattawa ta yi muhawara ta tabbatar da hukuncin, Sarki Nero ya jera sojoji a hanya aka wuce da su. Ba na iya karanta wannan shafin a zaune ɗaya.

Akwai wasu muryoyin. Seneka, wanda ya koyar da Nero, ya rubuta a wasiƙarsa ta 47 cewa wanda kake kira bawa daga iri ɗaya kuka fito, sama ɗaya ke kanku, numfashi ɗaya kuke yi. Ya kwatanta bawan da ke tsaye dare guda a bayan masu cin abinci, da yunwa, ba shi da ikon ko tari ko atishawa sai an yi masa bulala. Amma bai ce a daina bauta ba, shi kansa yana cikin mafiya dukiya a daular. Sisero yana da Tiro, sakatarensa, wanda ya 'yanta, yana rubuta masa wasiƙu cike da damuwa in ya yi zazzaɓi, kuma ana danganta wa Tiro wata hanyar gajarta rubutu don kama jawabi. Shi Horas ma ɗan 'yantaccen bawa ne, ya ce uban da kansa yake raka shi makaranta a Rum, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba.

Uwar Biyu: Yara ma? Innalillahi. To matan fa, Baba?

Ɗan Damagaram: Hajiya, bari in taya Baba. Abin da ya rage na rubutun mata kaɗan ne ƙwarai. Akwai Sulfisiya, 'yar babban gida ta zamanin Agustus, gajerun waƙoƙi shida, duka ba su wuce baiti 40 ba. A ɗaya tana fushi don za a kai ta ƙauye ranar zagayowar haihuwarta, nesa da wanda take so. Sai abin da ƙasa ta ajiye. A wani sansanin soja da ake kira Bindolanda, a arewacin Ingila, an tono siraran allunan katako da aka yi rubutu da tawada a kansu. Ɗaya daga ciki, na wajen shekara ta 100 Miladiyya, matar wani hafsa ce, Kalaudiya Sebera, take gayyatar ƙawarta walima ranar 11 ga Satumba. Magatakarda ne ya rubuta jikin wasiƙar, amma a ƙasa ta karɓi alƙalami da hannunta ta ƙara cewa ina jiran ki 'yar'uwa, ki zauna lafiya, raina. Rubutun ya bambanta, ana gani. Yana cikin mafi tsufan rubutun hannun mace da Latinanci da aka sani. Sauran kuwa a kan duwatsun kabari ake jin su, da bakin mazansu. Akwai wani sananne da ya ƙare da cewa ta kula da gida, ta kaɗa ulu.

Bakanon Kwari: Wannan ya fi shiga raina a kan labarin alloli. Akwai wanda ya rubuta rayuwar talakan birni?

Tsohon Malami: Akwai, kuma kai ɗan kasuwa za ka ji daɗinsu. Mawaƙa biyu, Jubenal da Marsiyal. Birnin ya kai wajen mutum miliyan ɗaya, talaka a gidan haya na bene yake, hawa biyar ko shida, har Agustus ya sa dokar iyakance tsayi saboda rushewa. Jubenal a waƙarsa ta 3 ya ce mai karɓar haya yana liƙe tsagewar bango ya ce ku kwana lafiya, in gobara ta tashi a ƙasa na can saman da ke kwana da tantabaru shi ne na ƙarshen sani. An hana yawancin amalanke shiga gari da rana, don haka da dare suke shigowa, ba mai barci sai mai kuɗi. Ya ce in za ka fita cin abincin dare ka bar wasiyya, saboda fasassun tukwanen da ake jefowa ta taga.

Da asuba kuma kowa sai ya saka babbar rigarsa ta toga ya tafi gaida ubangida. A yi layi a zaure, a gaishe shi, a raka shi dandali, a ba ka ɗan abin cefane. Marsiyal, wanda daga Sifaniya ya zo, ya yi shekara talatin da wani abu yana wannan sintiri yana kuka da shi a waƙa, daga baya ya koma garinsu. Gwamnati tana raba alkama kyauta ga mutum wajen 200,000 a zamanin Agustus, daga Masar da arewacin Afirka ake kawowa a jirage. A kan wannan ne Jubenal ya ce mutanen da a dā suke naɗa shugabanni yanzu abu biyu kawai suke nema, burodi da wasanni. Da rana a tafi gidan wanka. Seneka ya taɓa zama a saman wani, ya lissafa ƙarar da ke hana shi karatu: nishin masu ɗaga ƙarfe, tafin mai tausa a kafaɗa, wanda ya faɗa ruwa, mai tsige gashin hammata yana tallar kansa, masu tallar nama da na alewa kowa da irin muryarsa. Ruwan kuma ta dogayen magudanai ake janyo shi daga duwatsu, na farko tun shekara ta 312 kafin Miladiyya. Wani Furontinus da aka ba kula da su a shekara ta 97 ya rubuta littafi, yana ƙorafin yadda ake huda bututu a sace ruwa da haɗin bakin ma'aikata.

Ɗalibar Adabi: Baba, na karanta wasiƙun Filini jiya da dare, sai da na kira mamata bayan na gama. Tambaya ɗaya: malaminmu ya ce akwai 'yan Afirka a cikin marubutan. Gaskiya ne?

Ɗan Damagaram: Ƙwarai, ƙanwata. Terens a Kartaj aka haife shi, Tunisiya ta yau, aka kai shi Rum yana bawa, aka 'yanta shi, ya bar wasannin kwaikwayo shida a shekarun 160 kafin Miladiyya. Sunansa ma yana ƙarewa da Afer, wato mutumin Afirka. Latinancinsa ya yi tsabtar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana koya wa yara da shi. Apuleyus mutumin Madaura ne a Aljeriya ta yau, shi ya rubuta labarin saurayin da tsafi ya mai da jaki, ƙagaggen labari ɗaya tilo na Latinancin dā da ya iso cikakke. Hajiya, a nan ne jakin ya shiga gidan niƙa ya kwatanta bayin da ke ciki, bayansu duk tabon bulala, goshinsu da tambari, idanunsu sun lalace da hayaƙi. Shi marubucin an taɓa gurfanar da shi a Sabrata ta Libiya, dangin matarsa suka ce da asiri ya auri attajirar bazawara, jawabin kare kansa yana nan. Daga baya ga Agustin na Tagaste, babban malamin Kirista, wanda ya rubuta cewa yana yaro a makaranta ya yi wa Dido, sarauniyar Kartaj ta cikin waƙar Birjil, kuka. Har sarki an yi daga Lebtis ta Libiya, Sebtimiyus Seberus, daga 193 zuwa 211.

Yaya Bakano, ga wata kyauta gare ka. A littafi na 6 ɗin nan an yi wa Agustus kirari cewa zai kai mulki har bayan Garamantawa da Indiyawa. Garamantawa su ne mutanen Fezzan, a kudancin Libiya, inda hanyar ayari ta Bilma take ɓullewa. An kai musu hari a shekara ta 19 kafin Miladiyya, amma Fezzan ba ta zama lardin Rum ba, balle Indiya.

Bakanon Kwari: Ka gani ko! Na gode da ka faɗa da kanka. Zan nemi Jubenal ɗin da Tasitus.

Malamin Arabiyya: In ka sami Tasitus ka duba ɗan littafinsa a kan surukinsa Agirikola, gwamnan Birtaniya. Ya sa wa wani jagoran mutanen arewa magana a baki kafin yaƙi, yana cewa Rumawa suna kiran fashi da kisa mulki, in sun mai da wuri kufai sai su ce zaman lafiya ne. Sanata ne na Rum ya rubuta wannan, a littafin yabon wanda ya ci yaƙin. Ƙari kuma ga ɗalibarmu: malaman Bagadaza littattafan Girka suka fassara, na likitanci da falsafa, shi ya sa muka san Aristo da Jalinus ba mu san Birjil ba. Na Latinanci da aka juya zuwa Larabci a Andalus a ƙarni na 10 shi ne tarihin Orosiyus, kuma Ibn Khaldun ya yi amfani da shi. Amma haruffan da muke wannan hira da su nasu ne, haka Yuli da Agusta sunayen Ƙaisar da Agustus ne.

Ɗalibar Adabi: Salam, na dawo bayan mako guda. Na bi shawarar Baba, daga baya na tsallaka zuwa littafi na 4, sannan na 12. A kan gardamarku, ni ina ganin Yaya na Damagaram ya fi kusa, amma ba don mutuwar Turnus ba. Don Dido ne. Ita ma 'yar gudun hijira ce, ta gina garinta da hannunta, ta karɓi baƙo, wato Eniyas, da jiragensa a farfashe, ta ba shi masauki. Da aka ce masa ya tashi, sai ya sa a shirya jirage a ɓoye, ita ta gano da kanta. Duk maganganu masu ƙarfi a bakinta mawaƙin ya zuba su, shi kuwa ɗan abin da ya iya cewa shi ne ba da son ransa yake tafiya Italiya ba. Na leƙa na 6 kuma, inda ya gan ta a lahira, bayan ta kashe kanta saboda tafiyarsa, yana kuka yana ba ta haƙuri, ta kafa ido a ƙasa ba ta ce masa uffan ba, ta juya ta tafi wurin mijinta na fari. Garin nata Kartaj ne fa, garin da Rumawa suka rusa a shekara ta 146 kafin Miladiyya. Birjil ya ɗauki sarauniyar maƙiyansu ya sa masu sauraro su tsaya a bayanta. Amma Anti Uwar Biyu, na lura da abin da kika ce: ko a nan, mai reno da kuyangi suna wucewa ne kawai a gefe.

Uwar Biyu: Allah ya yi miki albarka. Turo mini hoton shafukan Didon nan, zan karanta a wurin aikin dare.

Tsohon Malami: Madalla, 'yata. Yanzu koma littafi na 2, daren da Taroyi ta ƙone. Ki lura da yadda suka fita daga gida: tsohon uban a kan kafaɗar Eniyas yana riƙe da gumakan gida, ƙaramin ɗan ya kama hannun damansa yana ta sauri don takunsa bai kai na uban ba, matar kuma an ce ta biyo daga baya. Ki duba a wane wuri ya waiwaya ya ga ba ta nan, ki zo ki gaya mana. Daga nan sai ki koma na ɗaya, zai buɗe miki.